Lilar Indiya a Arewacin Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dasa Ta da Kula da Ita

Masu zuwa lambun da nake rainon dashe a Garwa sukan tsaya gaban wannan bishiya idan ta cika da fure, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi mini shekara da shekaru. Na tattara su a nan tare da amsoshinsu. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa zafin ƙasarmu shi kaɗai ba ya kashe ta. Yawancin waɗanda suka mutu ko suka lalace a gidajen mutane, ƙishirwar ranin farko ce ta kashe su, ko ƙasa mai riƙe ruwa, ko kuwa adda.

Wace bishiya ce wannan, kuma yaya ake gane ta?

Masu sayar da dashe a Garwa da Marwa da Ngaundere suna kiran ta da sunan Faransanci, wato lilas des Indes, shi ya sa nake ce mata lilar Indiya. Masana tsirrai kuma suna kiran ta Lagerstroemia indica. Ƙaramar bishiya ce wadda tsawonta kan kai mita 3 zuwa 7, kuma sau da yawa takan tashi da kututture uku ko huɗu daga tushe ɗaya maimakon guda. Furenta yana fitowa a dunƙule a ƙarshen sabon reshe, kowane ɗan fure yana da fiffike shida a yamutse, kamar ƙyallen siliki da aka dunƙule a hannu aka saki. Launinsa fari ne, ko ruwan hoda, ko ja, ko shunayya. Bayan furen ya zube sai ta yi 'ya'ya ƙanana masu tauri, waɗanda idan sun bushe suke tsagewa gida shida su saki iri mai ɗan fiffike.

Wanda ya saba da lalle zai ga kama a ganyenta da yadda rassanta ke tashi, kuma ba banza ba, domin dangi ɗaya suke da lalle da rumman, dangin da ake kira Lythraceae. Alamar da ba ta ɓuya ita ce ɓawonta. Idan bishiyar ta yi shekaru kaɗan, tsohon ɓawon yakan saɓule da kansa ya bar jiki sumul mai dabbare-dabbaren toka-toka da ruwan ƙasa. Mutanen Japan suna kiran ta sarusuberi, ma'ana bishiyar da biri ke zamewa a kanta, saboda wannan santsin. A wurina kyan jikin nata bai gaza kyan furen ba, domin fure na 'yan watanni ne, jiki kuwa ana kallon sa duk shekara.

Daga ina ta fito, kuma me ya kawo wannan dogon suna?

Asalinta ƙasar Sin ce da maƙwabtanta na gabashi da kudancin Asiya, inda aka daɗe ƙwarai ana shuka ta a farfajiyar gidaje da wuraren ibada. Ɗaya daga cikin sunayenta a Sinanci yana nufin ja na kwana ɗari, saboda daɗewar da take yi tana fure. Masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1759 don girmama Magnus von Lagerström, wani darakta a kamfanin Suwidin mai fatauci da gabashin Asiya, wanda yake samo masa tsirrai daga can. Jinsin yana da nau'i kusan 50. Wajen 1790 wani Bafaranshe masanin tsirrai, André Michaux, ya kai ta birnin Charleston a kudancin Amurka, kuma daga nan ta bazu har ta zama ɗaya daga cikin bishiyoyin ado da aka fi shukawa a jihohin kudu masu zafi.

Ita ce kurnar nasara?

A'a. Ruɗanin daga sunan Faransanci yake, domin ana kiran kurnar nasara lilas de Perse. Kurnar nasara 'yar'uwar dogon yaro ce, ganyenta a rarrabe yake kamar nasa, kuma 'ya'yanta suna da guba. Ganyen lilar Indiya kuwa guda-guda ne, ƙanana, masu siffar ƙwai. Idan mai sayarwa ya ce muku lila kawai, ku dubi ganyen kafin ku biya.

Za ta jure zafin Garwa da Marwa a watan Maris da Afrilu?

Za ta jure, har ma zafi ne ke sa ta fure sosai. A ƙasashen Turai masu sanyi kukan da masu lambu ke yi da ita shi ne rashin isasshen zafin da zai buɗe furen, matsalar da mu ba mu san ta ba. Tana buƙatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6 a yini, kuma duk abin da ya ƙaru a kan haka alheri ne a gare ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon raninmu. A ƙasashen da ta fi yin suna, zafi da ruwan sama tare suke zuwa, alhali mu zafin da ya haura digiri 40 yana zuwar mana ne bayan an yi wata biyar ko shida ba a ga ɗigon ruwa ba. Saboda haka amsar ta bambanta daga gari zuwa gari. A Ngaundere, inda tudu ya kai kusan mita 1,100 kuma ruwan shekara yake kai wajen milimita 1,500, bishiyar da ta kafu takan rayu da ɗan taimako kaɗan. A Garwa ruwan shekara wajen milimita 1,000 ne, a Marwa kuma wajen 800, kuma a garuruwan biyu sai an shayar da ita a rani muddin ana so ta yi kyan gani. Daga Kusiri zuwa Njamena, inda damina ta fi gajarta, shawarata ita ce wanda ba shi da famfo ko rijiya a cikin gida ya haƙura da ita ya shuka kariya, wadda ta saba da ƙishirwa tun asali.

Akwai kuma iskar hunturu, wadda take busar da bakin ganye ta mayar da shi ruwan ƙasa. Wannan ba ciwo ba ne, amma ƙaramin dashe yana jin jiki, don haka yana da kyau a kare shi da zana ta ɓangaren arewa maso gabas a shekararsa ta farko.

Wace irin ƙasa take so?

Ƙasa mai sakin ruwa, wadda take da ɗan tsami kaɗan, ita ce zaɓinta. Jar ƙasar Adamawa ta dace da ita, haka ma jigawar da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Wadda ba ta so ita ce baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan damina. Karal yana kumbura ya riƙe ruwa kwana da kwanaki a watan Agusta, sannan ya tsattsage a rani ya tsinka ƙananan saiwoyi. Masakwa ta dace da wannan hali, lilar Indiya kuwa saiwarta ruɓewa take yi idan ta kwana cikin ruwa sau da yawa. Wanda gidansa ke kan irin wannan ƙasa sai ya tara tudu mai tsayin kamar santimita 30 zuwa 40 da ƙasa mai yashi, ya dasa a kansa. Haƙa rami a cikin laka a cika shi da yashi kuskure ne, domin ramin yakan zama kamar tukunya, ruwa ya taru a ciki ya rasa mafita.

Fakon da ake kira harde a yankin Marwa ya fi wannan wuya, saboda taurinsa da kanwar da ke cikin wasu wurarensa. A ƙasa mai kanwa bishiyar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai sabbin ganye su fito rawaya jijiyoyinsu kuwa kore. Irin wannan alama ake gani kuma a gidajen da ake zuba toka a gindinta don korar gara, ko ake juye ruwan wanki mai omo, domin dukansu suna ƙara wa ƙasa kanwa. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ba su da wannan illa, kuma bishiyar da aka dasa kusa da inda ake alwala takan fi sauran ƙoshi.

Yaushe ya kamata a dasa, kuma yaya ake yi?

Lokacin da damina ta zauna, wato bayan an sami ruwa biyu ko uku masu ƙarfi ƙasa ta jiƙa sosai. A Ngaundere hakan yakan kama Afrilu ko Mayu, a Garwa Yuni, a Marwa kuma ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Dalilin shi ne a ba saiwa dukan damina ta shiga ƙasa kafin rani. Dashen da aka yi a watan Satumba bai sami wannan damar ba, kuma shi ne ya fi mutuwa.

A haƙa rami mai faɗin ninki biyu ko uku na ledar da dashen ke ciki, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon ledar. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, idan saiwoyi sun naɗe suna zagaye a warware su da yatsa a hankali. A zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da bakin ƙasa, domin binne wuya yana hana shi ci gaba. A mayar da ƙasar da aka haƙo bayan an gauraya ta da ruɓaɓɓen kashin shanu, kamar kashi ɗaya na taki cikin huɗu. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Daga nan a yi ɗan kwari kewaye da gindin, a cika shi da ruwa nan take ko da hadari ya haɗu.

Ruwa nawa take sha?

A rani biyu na farko, bokiti mai lita 20 sau biyu a mako ya isa a lokacin hunturu, a ƙara zuwa sau uku daga Maris har ruwa ya sauka. A zuba a hankali da yamma ko da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Yayyafa ɗan ruwa kullum ya fi cutarwa, domin yana sa saiwa ta tsaya a sama inda ƙasa ke ƙuna da rana. Bayan shekara biyu ko uku, shayarwa mai zurfi sau ɗaya a mako ko kwana goma tana riƙe ta. Shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a gindi yana rage ƙafewar ruwa ƙwarai, sai dai a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututturen saboda gara.

Za ta ba ni inuwa? Saiwarta ba za ta fasa mini katanga ba?

Inuwarta sirara ce, ta isa mutum ɗaya ko biyu su shimfiɗa tabarma, kuma a tsakiyar rani lokacin da aka fi neman inuwa takan rage ganye. Wanda yake son inuwar zaman majalisa ya shuka dogon yaro ko mangwaro, ya bar wa lilar Indiya ƙofar gida ko gefen zaure inda ido zai riƙa sauka a kanta. Kada kuma a dasa ta ƙarƙashinsu, domin a inuwa tsawo kawai take yi babu fure.

Saiwarta kuwa sirara ce mai bazuwa kusa da saman ƙasa, ba ta cikin masu ɗaga siminti ko fasa gini. Tazarar mita 2 daga katanga ta wadatar, tsakanin bishiya da bishiya kuma mita 3 zuwa 4. A nisanta ta da randa da inda ake shanyar tufafi, saboda furen da ke zuba yana manne wa abu idan ya jiƙe.

Shin dole ne a sare kanta kowace shekara don ta yi fure?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin amsar da ta bazu a cikin gari ba daidai ba ce. Mun saba da sassare dogon yaro idan ya kai wayar lantarki, da yanke rassan gawo da maɗaci a ba dabbobi, kuma waɗannan itatuwa suna tohowa kamar ba a taɓa su ba. Sai aka ɗauki wannan al'ada aka ɗora wa lilar Indiya, ana guntule manyan rassanta daidai kafaɗar mutum. Masu lambu a Amurka ma suna fama da wannan ɗabi'a, har sun raɗa mata suna mai nufin kisan kai.

Abin da ya sa mutane suke ganin kamar saran yana da amfani shi ne bishiyar a kan sabon reshe take fure, kuma bayan sara takan fitar da tsirga masu yawa daga bakin kowane dungu, da manyan dunƙulen fure a kansu. Amma waɗannan tsirga sirara ne, a ɓawo kawai suke maƙale, ba su da tushe cikin itacen. Idan furen ya sha ruwa ya yi nauyi sai su sunkuya har ƙasa, guguwar farkon damina kuma ta ɓalle su. Wurin saran yakan kumbura ya zama ƙulli mai muni wanda yake ƙara girma duk shekarar da aka maimaita, babban raunin da adda ta bari yana zama ƙofar ruɓa da gara, kuma ɗanyen tohon da ya yi yawa shi ne abincin darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Santsin jikin nan da na ambata a farko, wanda sai reshe ya manyanta yake bayyana, ba za a taɓa ganin sa a sama da dungun ba. Bishiyar da ba a taɓa sara ba tana yin sabon toho da kanta kowace shekara, kuma furenta ya fi yawa ko da dunƙulensa bai kai na wadda aka sare girma ba.

Na taɓa yin tafiya ta mako uku na bar wani ma'aikaci ya share mini lambu, na dawo na tarar ya guntule guda huɗu da na yi shekara shida ina raino, da kyakkyawar niyya, yana ganin gyara ya yi. Na yi baƙin ciki ƙwarai a ranar. Biyu daga ciki na sare su daga ƙasa gaba ɗaya, na zaɓi tsirga uku masu ƙarfi a kowane tushe na cire sauran, kuma cikin shekara uku suka dawo da siffarsu. Biyun da na bari da dungunsu har yau ƙullin yana nan. Saboda haka wanda aka riga aka sare masa tasa yana da mafita, amma sai ya yi haƙurin farawa daga tushe.

To yaya gyaran da ya dace yake?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekara ta farko ko ta biyu a zaɓi kututture uku zuwa biyar waɗanda suka buɗe waje ba su gogar juna, a cire sauran daga ƙasa. Daga nan aikin kowace shekara kaɗan ne: a cire tsirgan da ke fitowa daga gindi, da busassun rassa, da waɗanda suka juya ciki ko suka gicciye wasu, kuma yayin da bishiyar ke tsawo a riƙa ɗauke rassan ƙasa don jikinta ya fito. Reshen da za a cire a yanke shi daga mahaɗarsa, da almakashin lambu ko zarto mai kaifi, kada a bar guntu. Duk reshen da ya fi yatsa kauri, ko dai a cire shi gaba ɗaya ko a ƙyale shi, amma kada a datse shi a tsakiya.

Game da lokaci, yanka yana tayar da toho, don haka wanda yake shayarwa zai iya yi a ƙarshen hunturu, wanda kuwa ba ya shayarwa sosai ya jira har ruwa ya kusa, kada tohon ya fito zafin bazara ya ƙone shi. Idan dunƙulen fure ya gama, yanke shi kafin ya yi 'ya'ya yakan sa ƙaramar bishiya ta sake wani furen a daminar.

Idan kuwa tsawonta ne ya dame ku, to tun wajen saye aka yi kuskure, domin akwai gajerun iri da ba sa wuce mita ɗaya ko biyu.

Tawa ta yi ganye shar amma ba ta fure. Me ya faru?

A fara duba rana, domin inuwa ce sanadi mafi yawa, kuma sau da yawa bishiyar maƙwabci ce ta girma ta rufe ta ba a lura ba. Na biyu shi ne taki. A yankinmu na noman auduga da masara kusan kowane gida yana da ragowar buhun uriya, kuma mutane sukan ɗiba su zuba wa furanni. Uriya ganye take sa wa, tana hana fure. Ɗan takin zamani na NPK cikin tafin hannu sau ɗaya a farkon damina, a warwatsa shi nesa da kututture, ya ishi matsakaiciyar bishiya, ruɓaɓɓen taki ma shi kaɗai yana wadatarwa. Na uku, yanke kan rassa bayan sun toho yana zubar da furen da ke shirin fitowa. Wadda aka shuka daga iri kuma takan ɗan jinkirta fiye da wadda aka samu daga reshe.

Ganyenta ya zube duka a hunturu. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba ne, domin tana cikin itatuwan da ke zubar da ganye su huta. A kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi to tana da rai. A rage ruwa a wannan lokaci, amma kada a yanke shi gaba ɗaya.

Waɗanne ƙwari da cututtuka ke kama ta?

Darɓa ce ta farko. Ƙananan ƙwari ne masu launin rawaya-kore da ke zama a bayan ganye suna tsotsar ruwansa, suna zubar da wani abu mai danƙo kamar zuma. A kan wannan danƙon ne wani baƙin fumfuna ke tsirowa, ganye ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. Baƙin ba ya cin ganyen, rana kawai yake tare masa, kuma idan aka kawar da darɓar shi ma yakan tafi. A fesa ruwa da ƙarfi a bayan ganye, idan abin ya yi yawa a sa ƙaramin cokali na sabulun ruwa a lita ɗaya, ko ruwan dakakken irin dogon yaro da aka jiƙa ya kwana, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi. Ba na son a yi amfani da maganin feshin auduga a tsakar gida inda yara da kaji ke yawo, ga shi kuma yana kashe ƙudan zuma da ke zuwa furen da ƙwarin da ke cin darɓar.

Ta biyu ita ce farar cuta mai kama da an barbaɗa gari a kan toho da ƙullin fure, har su nannaɗe su kasa buɗewa. Tana son inuwa da cunkoso da dare mai sanyi da raɓa, shi ya sa mutanen Ngaundere za su fi haɗuwa da ita fiye da na Marwa. Maganinta na asali rana ce da iska, wato tazara da buɗe tsakiyar bishiya. A tsakiyar damina kuma akan ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa a ganyen ƙasa har su zube da wuri, sai a share su a ƙone.

Akwai wani ƙwaro mai kama da farin auduga da ke manne wa ɓawo, wanda aka fara gani a jihar Texas ta Amurka a 2004 ya kuma bazu a can. Duk dashen da aka kawo daga waje a duba rassansa da kyau kafin a shigar da shi cikin sauran.

Gara ta fi kama dashen da ƙishirwa ta raunana ko wanda aka ji wa rauni. Awaki kuwa ba sa jiran komai, don haka kariyar ƙaya ko waya ta zama dole har bishiyar ta fi ƙarfin bakinsu.

Wane iri ya fi dacewa a saya?

A 1956 wani masanin tsirrai Ba'amurke, John Creech, ya samo irin wata 'yar'uwarta mai suna Lagerstroemia fauriei daga tsibirin Yakushima na Japan, wadda farar cutar nan ba ta cika kama ta ba. Donald Egolf na lambun itatuwa na ƙasa da ke Washington ya haɗa ta da lilar Indiya, ya fitar da irin da aka sa wa sunayen ƙabilun asalin Amurka: Natchez mai farin fure da ɓawo ruwan kirfa wadda kan kai mita 8 ko 9, Muskogee mai shunayya mai haske, Tuscarora mai ruwan hoda mai duhu, daga baya kuma lambun ya fitar da gajeru irin su Pocomoke da Chickasaw. A kasuwanninmu da launi ake sayar da dashe, ba da waɗannan sunaye ba, saboda haka gani ya kori ji: a sayi wanda yake ɗauke da fure, ko a nemi ganin uwar da aka yanko shi daga jikinta, domin ita za ta nuna launi da tsawon da zai yi. Babu lilar Indiya mai fure rawaya ko shuɗi na gaskiya, kuma hotunan da ake tallar iri da su a intanet masu irin wannan launi rini ne.

Akwai kuma babbar yayarta, Lagerstroemia speciosa, wadda ake kira banaba a Filifin da jarul a Indiya, kuma furenta ne furen jihar Maharashtra. Ganyenta manya ne, tsawonta yana iya kai mita 20, kuma ta fi ƙanwar shan ruwa. Ta dace da filin makaranta ko bakin hanya a Adamawa ko kusa da Binuwai, amma ta yi wa tsakar gida girma.

Zan iya samun dashe daga bishiyar maƙwabcina?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce hanya mafi tabbas, domin reshe yana ɗauko launin uwarsa daidai, alhali iri yana iya fitar da wani launi dabam. A farkon damina a yanko reshen bana da ya fara tauri, mai kaurin fensir da tsawon santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. A cire ganyen ƙasa a bar biyu a sama, a soka rabinsa cikin leda mai yashin kogi da aka gauraya da ɗan taki, a ajiye a inuwa mai haske, a kifa masa farar leda ko gorar ruwa da aka yanke gindinta don danshi ya zauna. Cikin mako huɗu zuwa shida yakan yi saiwa. A soka goma idan ana son biyar, kuma kada a yi ta ciro su ana dubawa. Tsirgan da ke fitowa daga gindin uwa ma ana iya haƙo su da 'yar saiwarsu a dasa.

Tana yi a tukunya?

Gajerun iri suna yi, a babbar tukunya ko rabin duro mai huji a ƙasa. Tukunyar ƙasa ta fi ta ƙarfe ko baƙar roba, waɗanda suke ɗaukar zafi su dafa saiwa a kan siminti. A bazara sai an shayar kullum.

Tana da guba? An ce kuma ganyenta maganin ciwon suga ne.

Ba ta cikin tsirrai masu guba ga mutum ko dabbar gida, kuma wannan babban dalili ne na fifita ta a gidan da ke da ƙananan yara a kan kariya da furen adon nan da ake kira laurier-rose da Faransanci, waɗanda dukansu gubarsu tana taɓa zuciya. Maganar ciwon suga kuwa daga banaba ta samo asali, domin mutanen Filifin sun daɗe suna shan ruwan ganyenta, kuma an sami wani sinadari a cikinsa mai suna korosolik asid wanda masana suke bincike a kansa. Wannan magana ta shafi babbar yayar ce, ba lilar Indiya da ke ƙofar gida ba. Mai ciwon suga kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda wani ganye, kuma kada ya haɗa su ba tare da ya gaya wa likitan ba, domin suga yana iya faɗuwa ƙasa da kima.